Farantin Fata: Aikin Farko Ga Mai Son Koyon Dukanci

A wannan wata mun ga ya kyautu mu ɗan jingine maganar tsadar dawa da ta kuɗin haya, mu taɓo wata sana'a da kakanninmu suka shigo da ita ƙasar nan tare da allo da gafaka, wadda yau take neman kuɓuce wa jikokinsu. Sana'ar kuwa ita ce dukanci, wato aikin fata. Burinmu shi ne duk yaron da ya karanta wannan shafi, ko aka karanta masa, ya tashi da sanin yadda zai haɗa abu guda mai kyau da hannunsa, ba tare da ya nemi keken ɗinki ko wutar lantarki ko babban jari ba.

Duk wanda ya san Umdurman ya san Kasuwar Libiya, can yamma a yankin Umbadda. Ta samo sunanta ne daga kayan da manyan motoci suke ratso hamada da su daga ƙasar Libiya, har ta bunƙasa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Sudan, inda 'yan Kurdufan da Darfur da Cadi suke sarin yadi da takalma da kayan gida. Mutanenmu da yawa a nan suka ci abinci shekara da shekaru: masu tura baro, masu tebur, teloli, masu agashe, masu gyaran takalmi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da wannan duka. An wawashe shaguna, wasu an ƙone su, kasuwar ta zauna a hannun Dakarun Ɗaukin Gaggawa kusan shekara biyu, sai a ƙarshen watan Maris 2025 sojoji suka ba da sanarwar sun karɓe ta. Tsohuwar kasuwar Umdurman ma, inda masu sayar da fatu da markub suka yi suna, ta sha wuta a faɗan da aka yi cikin tsohon gari.

Wanda ya dawo ya tarar da shagonsa wayam ya san abin da ake nufi da farawa daga tushe. Ga kuma samari da 'yan mata da karatunsu ya tsaya, wasu tun rikicin Damazin da Rusairis na watan Yuli 2022 ba su sake zama wuri guda ba. Yaro ɗan shekara 15 da ya wuni ba makaranta ba aiki, kowa ya san wanda ke jiransa a bakin hanya da alkawarin kuɗi da bindiga. Ba mu ce farantin fata zai warware wannan matsala ba. Amma hannun da ya saba da basilla yana da abin da zai riƙe, kuma iyayen da ba su da kuɗin saya wa ɗansu raksha za su iya saya masa guntun kirgi.

Gadonmu Ne

Kafin mu shiga aikin, ya kamata yaranmu su san cewa ba aro za su yi ba. A birnin Kano har yau akwai unguwar Dukawa da ta Majema, sunayen kansu sun faɗi sana'ar mazaunansu, kuma kasuwar Ƙofar Wambai ta shahara da kayan fata. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda takalman Kano da jemammun fatunta suke ƙetare hamada zuwa Arewacin Afirka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka daɗe suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita, suna kiranta fatar Maroko, saboda ta tashoshin jiragen ruwa na can take isa gare su. Majemin da ya sha warin aikin yana Sakkwato, suna kuma ya tafi ga mai jirgi.

Da wannan sani mutanenmu suka yo gabas, wasu a kan hanyar aikin hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran jama'a har suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar, a garin da ke ɗauke da sunansa. Wasu kuma noman auduga na Jazira ne ya zaunar da su bayan 1925. Matafiyi a wancan zamani ba ya rabuwa da fata: salka ta ruwa, burgami na guzuri, gafaka ta Alƙur'ani, kube na wuƙa, buzu na salla, zabira ta kuɗi. Da suka iso sai suka tarar da ƙasa mai dabbobi fiye da ƙirga, ga kuma bagaruwa ko'ina a bakin ruwa, wadda 'yan ƙasa ke kira garad, suna jima da ita kamar yadda ake yi a Hausa. Har unguwa guda ce a Umdurman ake kira Dabbaga, wato Majema ke nan da Larabci. Shi ya sa baduku bai sha wuyar samun wurin zama ba a Gadarif ko Niyala ko Jinaina.

Mu tambayi kanmu, cikin yaranmu da aka haifa a Umbadda ko Mayo, nawa ne suka san mene ne burgami, ko bambancin kilago da kirgi? Kalma tana tafiya ne tare da abin da take nufi. Ranar da jarka ta kori salka, ranar sunan salka ya fara fita daga bakin yara.

Mene Ne Farantin Fata?

Ɗan ƙaramin mazubi ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba, mai gajeren bango kewaye. Ana ajiye shi a kan teburi ko kusa da angarib, maigida in ya dawo ya zuba abin da ke aljihun jallabiyarsa: makulli, carbi, agogo, zobe, canji. Uwargida ta sa 'yan kunne da allura. Mai shago ya sa a kan kanta. A ƙasashen Turai da Amurka masu koyar da aikin fata sukan fara ɗalibi da shi, kuma muna ganin sun yi dabara, domin a cikin wannan ɗan aiki akwai awo, akwai yanka, akwai jiƙa fata da lanƙwasa ta, akwai huji da ɗinki da gyaran baki. Waɗannan su ne ginshiƙan dukanci gaba ɗaya. Wanda ya fara da markub, wata guda zai yi yana ɓata fata kafin ya ga abin da ya yi kama da takalmi, zuciyarsa ta karaya. Wanda ya fara da faranti, da la'asar zai ga aikinsa a tsaye.

Sarrafa fata ta zama mazubi ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tandun kwalli da tandun mai da iyayenmu mata suke ajiyewa, da ɗanyar fata ake yin su, a lulluɓa ta a jikin sifar yumɓu, in ta bushe a fasa yumɓun a zazzage. Hikimar ɗaya ce: jiƙaƙƙiyar fata tana bin duk sifar da aka ba ta, in ta bushe ta riƙe.

Zaɓen Fata

A nan ne ya kamata mai koyo ya fi natsuwa, don rabin aikin a wurin saye yake ƙarewa. Jima iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta gargajiya, wadda ake jiƙa fata cikin ruwan toka ko farar ƙasa har gashi ya saki, a kankare, a wanke, sannan a tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa kwana da kwanaki. Akwai kuma ta masana'anta, wadda ake yi da sinadarin kurom, tana da sauri, fatarta tana da laushi kamar yadi, ita ake yi wa jakunkunan mata da kujerun mota. Wannan ta biyu ba ta yi wa aikinmu. Ko an jiƙa ta an lanƙwasa, da an saki za ta koma ta kwanta. Ta bagaruwa muke nema.

Yadda za a gane ta ba wuya. A ɗiga mata ruwa: ta bagaruwa tana shanyewa nan take, wurin ya yi duhu, in an danna farce a kai sawun ya zauna. A dubi bakin da aka yanka: ta bagaruwa launin ƙasa-ƙasa ne har ciki, ta kurom kuwa sau da yawa za a ga tsakiyarta ta yi toka-toka mai ɗan shuɗi. A kuma sansana. Fatar da jimarta ba ta nuna ba tana da ƙarni, in an lanƙwasa ta tana ƙara kamar busasshen ganye, tsakiyar bakinta kuma fari ne kamar ƙaho. Irin wannan, da damina ta sauka za ta cika ɗaki da wari, a bar wa mai ita abarsa ko da ya karya kuɗi.

Kaurin da ake so shi ne milimita 2 zuwa 3, wato kirgin saniya ko na maraƙi. Fatar akuya da ta tunkiya sun cika sirantaka, bango ba zai tsaya ba sai an haɗa biyu. Kada mai koyo ya sayi kirgi sukutum. Ya je wurin masu markub ko masu ɗinkin kube ya nemi ragowar da suka yanke, ya zaɓi wadda ta fito daga gadon baya ko kafaɗa, don fatar ciki sakwaf take, tana miƙewa ba daidai ba. Ya ɗaga ta ga hasken rana ya duba ko wuƙar mai fiɗa ta zaftare wani wuri, ya kuma kauce wa tabon lalas da na kaska. Yana da kyau ya tambaya ko ta yankakkiyar dabba ce, domin a mazhabarmu ta Malikiyya akwai magana a kan sayar da fatar mushe ko da an jeme ta, malamai na kusa za su yi bayani.

Bari mu ɗan yi ratse. A shekarun da suka gabaci yaƙi, masu masana'antun jima a Hartum sun yi ta kukan cewa ɗanyen kilagon shanu yana ƙare musu, saboda 'yan kasuwa na kwasarsa zuwa Nijeriya, inda ake babbake shi a dafa a ci da sunan ganda. Mun san daɗin ganda a miya, ba mu musu. Sai dai kilagon da aka cinye a dare ɗaya, in da an jeme shi, da ya fitar da faranti masu yawa ko takalman da za a yi shekaru ana sawa.

Kayan Aiki Da Yadda Ake Yi

Abin da ake bukata kaɗan ne: wuƙa mai kaifi ko reza mai mariƙi, rula ta ƙarfe, kwali, fensir, basilla ko ƙusar da aka wasa bakinta, allura biyu manya, zare mai ƙarfi irin na masu gyaran takalmi, ɗan kakin zuma, guntun katako da za a ɗora aiki a kai, samfefa, tsumma mai tsabta, da kwanon ruwa.

Da farko a zana sifar a kan kwali. Murabba'i, kowane gefe santimita 22. Daga kowane baki a auno santimita 4 zuwa ciki a ja layi. Za a ga murabba'i na tsakiya mai santimita 14, shi ne gindin farantin. Dogayen filaye huɗu na gefe su ne bango. Ƙananan murabba'i huɗu na kusurwa su ne kunnuwa. A yanke kwalin, a lanƙwasa shi a gani ko girman ya yi. Kwali kyauta ne, fata kuwa da kuɗi, saboda haka duk gwajin da za a yi a ƙare shi a nan. A adana wannan kwali, da shi za a fitar da faranti na biyu da na goma su zo daidai da juna.

Sai a ɗora kwalin a kan fata ta gefen nama, a zagaye shi da fensir. A dafe rula da ƙarfi, a bi ta da wuƙa. Kada a ce sai an raba fatar da ja ɗaya. A bi layin sau biyu ko uku a hankali, wuƙa a tsaye, yatsu nesa da hanyarta. Wuƙa maras kaifi ita ke yanka mai ita, don ita ake dannawa da ƙarfi har ta zame.

Bayan yanka, tun fatar tana kwance, a gyara baki. A goge shi da samfefa har kaifin kusurwar ya tafi, a ɗan shafa ruwan ƙaro, a dirje da tsumma ko guntun icce mai santsi da sauri-sauri har ya ɗauki zafi ya yi sheƙi. Masu wannan aiki a ƙasashen waje har sayen ruwan ƙaro suke yi a kwalba da tsada. Mu da muke zaune a ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙaro a duniya, ɗan dunƙule ɗaya da aka jiƙa a kofi ya ishe mu wata guda.

Yanzu sai jiƙo. A tsoma tsumma a ruwa a shafe fatar gaba da baya har ta yi duhu, amma kada a bar ta kwance cikin kwano ta jiƙe sharkaf. A dakata kaɗan, har launinta ya fara komawa yadda yake, in an taɓa a ji sanyi-sanyi. A wannan lokaci ne take karɓar duk abin da aka ce mata. A juyo da fuskar fatar sama, wato gefen da gashi yake da, a ɗora rula a kan layukan nan huɗu, a bi su da abu maras kaifi, kamar bakin ƙashi mai santsi ko mariƙin cokalin katako, a danne har layin ya zauna. Dannawa muka ce, ban da yanka.

Ga wani gargaɗi da ya kamata a riƙe. Jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa ba ta shiri da baƙin ƙarfe. In aka bar rula mai tsatsa ko ƙusa a kanta na ɗan lokaci, wurin zai yi baƙi ƙirin, kuma babu sabulun da zai fitar. Dukawanmu sun san wannan tun fil azal, har suka mai da shi rini: kuloko, baƙin da ake zana wa fata ado, da ƙarfe ake haɗa shi. Saboda haka a naɗe rula da takarda ko a yi amfani da ta katako a wannan mataki, hannu ma a wanke shi in an taɓa ƙarfe.

Wanda yake son ado, yanzu ne lokacinsa, kafin a tayar da bango. Kan ƙusar tagulla, ko bakin makulli, ko tsinke, kowanne yana barin sawu mai kyau in an danna. Dagi irin na bangon gidajen Kano da Zariya yana zama daram a tsakiyar murabba'i. Shawararmu ita ce kada a rubuta sunan Allah ko aya a ciki, don wuri ne da za a riƙa jefa makulli da kuɗi, wata rana ma yaro ya taka.

Sai a ɗaga bango biyu da ke maƙwabtaka, a matse kusurwar da ke tsakaninsu da yatsa biyu, za a ga ta fito waje kamar kunnen akuya. A riƙe ta da abin shanya tufafi, amma a sa ɗan kwali tsakani don kada ya bar tabo. A yi wa sauran ukun haka, a daidaita bangon da hannu, a ajiye a inuwa. A inuwa muka ce. Ranar Umdurman a watan Mayu tana haura digiri 40, fatar da aka shanya a cikinta za ta ƙandare ta tsattsage.

In ta kusa bushewa sai ɗinki. A kowane kunne, daidai inda bango biyu suka haɗu, a huda rami uku a jere daga sama zuwa ƙasa, tsakaninsu rabin santimita, na sama ya yi ƙasa da baki da kamar santimita ɗaya. A goga wa zare kaki, a zura allura a kowane bakinsa, a riƙa shigar da su rami ɗaya, wannan daga dama wannan daga hagu, ana ja ana tsukewa, kamar yadda masu markub ke yi. In an kai ƙasa a komo baya rami ɗaya, a yanke. Wasu sukan sa maɓallin ƙarfe irin na jaka a maimakon zare, amfaninsa shi ne matafiyi zai iya ɓalle shi ya shimfiɗe a cikin kaya. In za a sa, a nemi na tagulla saboda dalilin da muka faɗa a sama. Mu dai zare ya fi kwanta mana, ya fi araha, kuma shi ne yake koya wa hannu aiki.

Daga ƙarshe a ɗiga man riɗi ko na gyaɗa kaɗan a tsumma a shafe, a bar shi ya kwana, gobe a goge da kaki. Mai in ya yi yawa yana sa bango ya saki, ga kiran kiyashi.

Launi Da Kasuwa

Farantin farko a bar shi da launinsa na bagaruwa, yana ƙara ja da kyau in ya kwana biyu a hannu. Wanda ya yi uku ko huɗu hannunsa ya faɗa, sai ya gwada mai ruɓi biyu: ya manna jar fatar akuya a bayan kirgi da gam, nama da nama, kafin ya lanƙwasa, ta yadda waje zai fito ja ciki kuma ƙasa-ƙasa. Jan da dukawa suka sani na karan dafi ne, wato ɓawon karan wata irin dawa, ruwan ɗorawa kuma na gangamau. Tsofaffin da suka iya haɗa waɗannan suna nan a cikinmu, a Mai Wurno da Gadarif da nan Umdurman, wasunsu ido ya raunana sun ajiye basilla. A je a gaishe su da ɗan goro ko sukari, a kai musu farantin su duba. Za su ga aibin da mai shi bai gani ba, kuma ba a rasa wanda zai ce dawo gobe in nuna maka ɗinkin zabira.

Game da ciniki, gaskiya ɗaya ce: kwanon roba na Sin ya fi shi araha nesa ba kusa ba, kuma a wannan hali da ake ciki mutum burodi yake nema kafin abin ado. Wanda ya shimfiɗa faranti a ƙasa kusa da masu kayan roba zai wuni bai yi ciniki ba. Masu sayensa su ne masu shagon agogo da waya da turare, da masu haɗa kayan amarya, da 'yan uwa mazauna Saudiyya da Masar masu neman tsarabar gida wadda ba ta da nauyi ba ta fashewa. A yi musu shi uku-uku, babba da matsakaici da ƙarami, ɗaya cikin ɗaya. Wajen sa kuɗi kuma a lissafa fata da zare da mai da kuɗin mota zuwa kasuwa, sannan a ɗora ladan hannu, kada kunya ta sa a sayar a kan uwar kuɗi.

'Yan mata ma aikin nan nasu ne. A ƙasar Hausa matan dukawa a cikin gida suke yin ado da saƙar siraran fatu, maza su kai kasuwa. Wadda ta iya saƙar faifai ko ɗinkin hula, ɗinkin kunne huɗu ba zai gagare ta ba.

Wata hanyar samun fata da araha ita ce layya. Kowace shekara fatun raguna da na shanu suna ruɓewa a bakin titi saboda ba a kula da su. Gidan da yake da mai koyo, a roƙi mai fiɗa ya bi da hannu a hankali kada ya huda, a kankare kitse, a shimfiɗa fatar a inuwa gefen nama a sama, a barbaɗe ta da gishiri mai yawa tun ba ta wuce 'yan sa'o'i ba, har bakin wuya da ƙafafu. In ta tsane a ninke ta a kai wa majemi, a gaya masa da bagaruwa ake so.